Naira Hamsin Kowace Asuba

Ni ce Tabawa mai man gyaɗa, ta bakin Ƙofar Durɓi.
Shekara talatin ina awo da kwalba,
ba a taɓa dawo min da ita an ce ba ta cika ba.

Ran Litinin na sa katin ɗari biyar.
Kira biyu na yi:
ɗaya ga mai kawo min gyaɗa daga Mashi,
ɗaya ga Uwale, in ji jikin yaronta.
Ran Juma'a na danna,
sai wata mata ta ce min da Turanci, ta maimaita da Hausa,
wai kuɗina bai isa ba.
Na ce, ke 'yar nan, bai isa ina ba?
Ta kashe.

Na kai wa Sagiru mai caji.
Ya latsa, ya latsa, ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Inna, ashe ke 'yar ƙwallo ce!
Kowace asuba ana aiko miki da wanda ya ci,
naira hamsin.
Ga kuma kiɗa an ɗaura wa layinki,
duk mai kiran ki sai ya sha ganga kafin ki ɗauka."

Nan na tuna da liman,
ranar da ya kira kan sadakar arba'in ɗin Malam,
ya yi gyaran murya sau uku kafin sallama.
Ashe abin da ya ji ke nan.
Na so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba.

Lambar ƙorafi kuwa,
danna ɗaya, danna huɗu, dakata kaɗan,
na dakata har tunkuza ta huce a kwano.

Sai na yafa mayafi na hau keke.
Ofishinsu sanyi kamar cikin randa.
Aka miƙo min 'yar takarda: arba'in da bakwai.
Da layi ya zo kaina,
yaron ya dubi gilashinsa, bai dube ni ba.
"Ke kika danna ɗaya, Hajiya."
Yaushe?
"Uku ga wata, ƙarfe biyu da minti goma na dare."

Na ce, ɗan nan, a wannan lokaci
wayar tana ƙarƙashin matashi, ni ina samansa.
Sai dai in matashin ne mai son ƙwallo.

In na shigo gidanku kuna barci
na tsiyaya mai a tulunku, ba ku tambaya ba,
na lalubi aljihunka na biya kaina,
me sunan wannan a Katsina?
Wani dattijo a bayana ya faɗi sunan, da ƙarfi.
Mai gadi ya juya kai yana kallon bango.

"Na'ura ce, Hajiya."
To, na'urar da ta san hanyar ɗauka
ta manta hanyar mayarwa?

Ya cire ƙwallon, ya cire gangar.
Ya ce cikin kwana uku zan ga saƙo.
Na gani kuwa, kwana na biyar:
sun biya ni da data.
Wayata tocila gare ta, da ƙararrawa, shi ke nan.
An ba kaza takalmi.

Keke zuwa da dawowa, ɗari shida.
Na sani. Kada ma a yi min lissafin.

Daren nan na sa Nazifi ya ɗauko littafin bashi.
Ƙarƙashin Kande, kwalba biyu,
saman matar malamin makaranta, rabin kwalba,
na ce rubuta: Kamfani, ɗari uku da hamsin.
Ya ce, "Kaka, su wa za ki aika wa?"

Ba aike.
Masu bashina duk na san inda suke kwana.
Ga ƙarfensu can tsaye bayan gidan Sagiru,
jar fitilarsa na ƙyafta ido in dare ya yi.
Ina tankaɗe, ina kallon sa.
Shi ma ya san na gan shi.